Tsifar Kan 'Yar Tsohuwa

Shekarar da hatsi ya yi tsadar da har masu rumbu suka koma awo da gwangwani, ina zaune a gidanmu a Kano. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ba aiki. Sai wata malamata, wadda muke kira Dakta, ta neme ni ta ce tana buƙatar macen da za ta riƙa shiga gidaje a ƙauyukan da ke gefen Ɗambatta. Bincike take yi a kan yadda ake renon yara a gidaje iri-iri: na manoma, na malamai, da na Fulanin da suka zauna suka kama noma. Tana son ta gane ko natsuwar uwa tana da alaƙa da lafiyar yaro da walwalarsa.

Aikina kashi biyu ne. Da farko in zauna in kalla, in yi tambayoyi, in rubuta. Bayan an gama wannan sai in koya wa iyaye mata wani ɗan zama: uwa ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna da yaro fuska da fuska, ta kira sunansa, ta saurare shi, hankalinta duka yana wurinsa. Dakta ta ja kunnena a kan abu guda. Kafin lokacin koyarwa ya zo kada in ba kowa shawara, kada in gyara komai, domin in na canza abin da na je kallo, to binciken ya lalace. Na ce na ji. Ni mutum ce mai tsoron kuskure, nakan karanta abin da na rubuta sau da yawa kafin in yarda da shi, don haka wannan doka ta yi mini daidai. Ko kuwa haka na zata.

Na sauka a gidan wata gwaggon ƙawata, a wani ƙauye da gidajensa ke warwatse cikin gonaki, daga wannan shinge kana hango wancan. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai amma bai nuna ba, lokacin da ko a shekarar wadata tukunya kan yi sauƙi. Gidaje da yawa kwaɗon zogale ko rama ne abincin rana. Duk da haka ba gidan da na shiga aka ƙi shimfiɗa mini tabarma. Mata sun ɗauke ni abin dariya mara cutarwa, wai ga wadda ta yi digiri a kan kallon mutane.

Gidan da nake son ba da labarinsa na wasu 'yan'uwa maza biyu ne, Hausawa manoma. Babban yana nan yana noma gonar gado. Ƙaramin ya tafi kudu neman kuɗi tun bayan girbin bara, damina ta faɗi bai dawo ba, sai dai kira jefi-jefi. Matar babban, wadda kowa ke ce wa Yaya, ita ce mai faɗa a ji a cikin gida. Mace ce mai murya da barkwanci, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli. Matar ƙaramin Bafulatana ce da aka auro daga wata ruga da ke kusa, doguwa, mai ƙarancin magana. Yaya tana kiranta 'Yar Fillo. Tana da goyo a baya, da ɗan yaro da bai daɗe da yaye ba, kuma na ga yadda take wasa da su, tana yi wa na goye rawa a cinya, tana bin ɗayan da kofin kunu.

Sai a zuwana na biyu na lura da yarinyar. Za ta kai shekara shida, ina jin. Tana zaune a bakin wani ɗaki da aka rufe, ta jingina da ƙyaure, gwiwoyinta a ƙirji. Siririya ce ko a cikin yaran wannan shekarar. Kitson kanta ya tsufa har ba a gane tsagar, ya dunƙule, ya yi ja. An ajiye mata kwano a gefe, kaji suna ci tana kallonsu.

Na tambayi Bafulatanar ko 'yar wa ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar tsohuwa ce."

Yaya ce ta warware mini. Yarinyar 'yar fari ce ga Bafulatanar. Tun da aka yaye ta kakarta, uwar mazan gidan, ta ɗauke ta. A ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci, ita ke yi mata wanka da kitso, ita ke tsokanarta su yi ta faɗa kamar sa'o'in juna. Tsohuwar ta rasu a farkon bazara. Tun daga ranar yarinyar ta daina magana sai abin da ba a rasa ba, ta daina bin yara, abinci kuwa sai ta ɗan taɓa ta ture. Yaya ta ce ta yi ƙoƙarin janta ɗakinta, ta ƙi. Ta taɓa ɗauko reza za ta aske kan don ƙaiƙayi ya ishi yarinyar, ita kuwa ta ƙwalla ƙarar da ta fito da maƙwabta, ta shige ƙarƙashin gado. Kitson da ke kanta shi ne na ƙarshe da tsohuwa ta yi mata.

Ban buƙaci a yi mini bayanin kunyar ɗan fari ba. Ni ma 'yar fari ce. Har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, "waccan" take cewa, ko "yarinyar nan", kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma ni na tashi da kaka biyu da gwaggo da inna, kullum akwai cinyar da zan hau. Abin da na fahimta, kuma wataƙila wani ya fi ni fahimta, shi ne al'adar tana da rabi biyu. Uwa tana janye hannunta ne saboda akwai hannayen da aka tanada su karɓa. A gidan nan rabin na biyu ya tafi. Kaka ta rasu, uba yana kudu, gwaggonnin suna gidajen aurensu kowa na fama da tata tukunyar. Uwar kuma ta fito daga inda kunyar ta fi tamu tsanani. Ta gaya mini daga baya cewa ita ma 'yar fari ce, mahaifiyarta ko ruwa ba ta taɓa miƙa mata hannu da hannu ba.

Na yi makonni ina zuwa ina kallo kamar yadda aka umarce ni. Na ga uwar tana zuba wa yarinyar wajen da ya fi mai a kwaɗo, ta ba ɗan yaron ya kai mata. Na ga tana satar kallon kwanon daga bakin murhu. Na ga kwanon yana dawowa kusan yadda ya tafi. Wuyan hannun yarinyar ya zama abin da nake dubawa da zarar na yi sallama, kuma ban ga yana ƙaruwa ba.

Na kira Dakta na faɗa mata. Ta ce a kai yarinyar asibiti, wannan dokar bincike ba ta hana ba. Muka kai ta asibitin sha-ka-tafi, ni da Yaya. Ma'aikacin ya duba ta ya ce bai ga zazzaɓi ba, bai ga wata cuta ba, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya ce a riƙa ba ta abinci. Yaya ta ce masa Allah ya saka da alheri, da ma ba mu san ana ba yara abinci ba. Yarinyar ta sha maganin, ba abin da ya canza.

Kwana biyu ina juya maganar. Ina tsoron in saɓa umarni, ina tsoron a ce sabuwar ma'aikaciya ta cika iyayi, kuma aikin nan shi kaɗai gare ni. Amma lokacin koyarwa sai bayan an yanke dawa, ni kuwa ban tabbata yarinyar za ta kai lokacin a tsaye ba. Ban ce za ta mutu ba, ban da ilmin faɗin haka. Na dai san in zazzaɓin damina ya same ta a wannan hali, ba ta da abin da za ta tare shi da shi. Na sake kiran Dakta na ce ina roƙon a cire gidan daga cikin binciken, domin zan sa baki. Ta tuna mini cewa gidajen da Bahaushe ya auri Bafulatana kaɗan ne a hannunmu, kowanne yana da daraja, kuma ni ba likita ba ce. Na ce duk gaskiya ne, amma na riga na yanke shawara, na ga gara ta sani tun yanzu da in ɓoye mata. Ta ce to, in rubuta dalilin cirewar, kuma kada ya zama mini ɗabi'a.

Abin da na fara gwadawa shi ne zaman da aka koya mini, don shi na sani. Na bari sai da tsakar gida ta yi sauƙin mutane, na roƙi uwar ta zo ta zauna gaban yarinyar, ko ba ta kira sunan ba, ta dube ta kawai. Ta zo don kunyar baƙuwa. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja gefen zaninta ta rufe baki, idonta a ƙasa. Yarinyar ta juya fuska ga bango. Sai ga Yaya ta fito da tire a hannu, ta tsaya ta ce, "A'a, yau kuma gaisuwar surukai ake yi?" Ba da mugunta ta faɗa ba, bakinta ne haka. Uwar ta miƙe ta shige ɗaki, ranar ko sallamata ba ta fito ta amsa ba.

Na koma masauki raina a ɓace, amma ban ga alamar zan bari ba. Na yi ta tunanin me ya fi ƙona uwar a zaman, sai na ga kamar abu biyu ne: haɗa ido, da kuma idon mutane. In ta zauna da 'yar fari don ra'ayin kanta, ta nuna so, kuma nuna so shi ne abin da za a yi ta maimaitawa a bakin rijiya. To akwai zaman da ba a haɗa ido a cikinsa? Akwai wanda ba za a kira shi so ba, sai dai aiki? Ina alwala na shafa kaina, sai na tuna kan yarinyar. Mai kitso a baya take zama. Ba ta buƙatar kiran suna, ba ta buƙatar cewa komai, kuma yaro yana tsakanin ƙafafunta tsawon yini.

Da na samu uwar ita kaɗai a bayan gida tana shanya, na tambaye ta ko kunya ta hana tsifa da kitso. Ta ce ba ta san an hana ba, ba a dai yi. Na ce in dole ta sa fa? Ta ce wace dole, ga Yaya, ga masu kitso a gari. Na ce yarinyar ta ƙi kowa. Ta daɗe tana matse rigar da ta riga ta matse, sannan ta ce, "Malama, in na ɗauki kibiya da kaina, da wane ido zan kalli matan gidan nan?"

Ban ji ta ce ba ta so ba. A kan wannan na dogara, ko da yake na san ina iya zama na ji abin da nake son ji ne.

Washegari na je wurin Yaya tana matsar tunkuza, mai yana tsattsafowa tsakanin yatsunta. Na zauna na taya ta mulmula ƙuli, ta ce nawa sun yi kama da kashin awaki, ba mai saye. Sai da muka yi nisa na kawo maganar.

"So kike in sa 'Yar Fillo ta rungume 'yar fari a tsakar gida?" in ji ta. "Garin nan a waƙar daka za su saka mu."

"Ba runguma na ce ba, Yaya. Tsifa. Kuma ba roƙonta za ki yi ba, faɗa za ki yi mata."

"Faɗa?"

"A gaban kowa. Ki ce ƙazantar ta ishe ki, ƙwarƙwata za ta cika miki yara. In ke kika sa ta, biyayya ta yi wa babba. Ba wanda zai ce so ne."

Ta tsaya da matsar ta dube ni. Ta ce ashe abin da ake koya mana a jami'a ke nan, haɗa faɗa a gidan mutane. Na ce akwai sharaɗi guda, shi ne in an fara, kada ta yi tsokana, ko kalma ɗaya. Ta ce wannan ya fi azumin bazara wuya. Sannan ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce tsohuwa ta bar mata amanar yarinyar nan, kuma kullum in ta ga kwanon ya dawo sai ta ji kamar ana tambayarta. Ta ce za ta yi.

Akwai abin da ya dame ni wanda ban gaya wa kowa ba. Kitson nan shi ne abin da ya rage wa yarinyar na hannun kakarta. In aka tsefe shi da ƙarfi, ina iya zama na ƙara mata wani rashin a kan na farko. Don haka na koma wurin uwar na faɗa mata abin da ke tafe, don kada faɗan ya zo mata ba shiri, na kuma roƙe ta kada ta yi gaggawa. In yarinyar ta ƙi, ta shafa mai kawai ta bari. Daga cikin abin da aka koya mini na ɗauki guda ɗaya na ba ta: ta bar hankalinta a kan yatsunta da gashin, in ya tafi wurin tukunya ko wurin maigidan da bai kira ba, ta dawo da shi ba tare da ta zargi kanta ba. Ta ce haka ake tatsa, in zuciyarka na wani wuri saniya takan sani. Ban san ko daidai ne a kwatanta ba, amma na ce haka ne.

Yaya ta zaɓi hantsi, lokacin da matan maƙwabta biyu suka shigo aron turmi. Ta yi faɗan da ni kaina sai da na tsorata. Ta ce ita ba baiwar kowa ba ce, tana matsar mai tana toya ƙuli, ba za ta ƙara da kan 'yar wani ba. Ta ce wadda ta haifa ta san yadda za ta yi, kuma yau take son ganin an fara. Matan suka shiga ba ta haƙuri. Uwar ta fito fuska a ɗaure kamar wadda aka zalunta, da kibiya da ɗan man kaɗanya a murfin kwalba, ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna bayan yarinyar a bakin ɗakin tsohuwa. Ba ta ɗaga ta daga wurin ba.

Ranar ba a tsefe ko ɗaya ba. Da hannun ya sauka a kanta, yarinyar ta sandare, kafaɗunta suka hau har kunne. Uwar ta shafa mai a hankali, layi bayan layi, ta tashi. Washegari ma haka. Ni ina gefe da tsintar wake don in samu abin yi da idona. Yaya tana ta kai da kawo, leɓenta a cije, na ga tsokana tana cin ta amma ta riƙe.

Ban riƙe ko rana ta nawa ce aka fara tsifar sosai ba. Na dai tuna an yi ruwa da safe, ƙasa na ƙamshi. Uwar ta sa kibiya a kitson da ke gaban goshi, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta dafe wurin. Na ce a raina shi ke nan. Sai ta yi magana, muryar a dushe, ba ta juyo ba.

"Kaka daga ƙeya take farawa."

Uwar ta ce, "To." Ta mayar da kibiyar ƙeya.

Tsifar ta ci kwanaki, don gashin ya cukurkuɗe, wani wurin sai an jiƙa shi da mai an bar shi ya kwana. A cikin kwanakin ne na ga bayan yarinyar ya fara jingina da gwiwar uwar maimakon ƙyaure. A cikinsu ne kuma Yaya ta dire kwanon dambu kusa da su ta wuce. Uwar, idonta na kan gashin, ta sa gefen ƙafa ta turo kwanon gaba kaɗan. Yarinyar ta ci. Ba duka ba, amma kaji ba su samu ba.

Ba zan ce kitso ne ya warkar da ita ba. Gero ya nuna a kusan lokacin, aka fara samun tumu da sabon kunu, maganin asibiti ma wataƙila ya yi nasa aikin, kuma baƙin cikin yara yakan sassauta don kansa. Gida ɗaya ne, ba a gina hukunci a kansa. Na rubuta wa Dakta abin da na gani, na ƙara da cewa a ganina zaman fuska da fuska zai yi wa uwa da ɗan fari wuya a wuraren nan, ko za a duba wata hanyar. Ta ce za ta yi tunani. Na ci gaba da aikina a sauran gidajen har aka yanke dawa, ina leƙa wannan gidan a matsayin baƙuwa kawai.

Yarinyar ba ta yi ƙiba ba, ba wanda ya yi a shekarar. Amma ta bar bakin ɗakin, ta fara bin 'ya'yan Yaya roron gyaɗa, har na taɓa jin ta tana zagin wani yaro da ya ƙwace mata rake. Uwar ba ta kira sunanta ba, ban kuma sa ran za ta kira ba. Ranar da na je yi musu ban kwana, kitson da ke kan yarinyar sabo ne, tsagar tana sheƙi. Yaya ta kama kan ta juya shi hagu da dama, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta ce wannan kitso ya tsufa, ita fa ba ta son ƙazanta. Uwar ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta sauke goyonta ta miƙa mini, ta shiga ɗaki neman kibiya.